Jinyar Malam Isiyaku a Delhi

Sanyi ne ya fara tarbar mu a Delhi. Ba wanda ya gaya mana Indiya tana da sanyi haka. Muna fitowa daga filin jirgi, Malam yana kan keken marasa lafiya ina tura shi, sai na ji haƙoransa suna haɗuwa. Na cire mayafin da na yafa a kan hijabi na lulluɓe shi. Wani hayaƙi ne ya tsaya cak a saman garin, mai ɗaci a maƙogwaro, ko rana ba a gani sosai.

Sunana Rabi. A unguwar Makera ta Kaduna aka haife ni, a nan aka yi mini aure, kuma kafin wannan tafiya iyakata Zariya. Mijina, Malam Isiyaku, ya yi aikin masaƙa a Kakuri tun yana saurayi. Da masaƙun suka mutu sai ya buɗe rumfar gyaran keken ɗinki a bakin titi. Mutum ne da bai san kwanciya ba. Ciwon ya fara masa da zogi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, muka ce olsa ce. Daga baya idanunsa suka yi ɗorawa, fitsarinsa ya koma kamar baƙin shayi, muka ce shawara ce, aka yi ta jiƙe-jiƙe. Sai da aka yi hoton ciki aka ga tsiro a maɗaciyarsa, 'yar jakar nan mai ɗaci da ke manne da hanta, wadda in an yanka kaza ake cirewa a hankali kada ta fashe. Likitan da ya duba hoton ya ce yana zargin ciwon daji ne, wato kansa, amma sai an yi gwaje-gwaje, kuma layin yana da tsawo.

Yayan Malam, Alhaji Tanimu, shi ne babba a gidansu, kuma shi ya ɗauki nauyin yawancin tafiyar. Ya ce ƙaninsa ba zai jira layi ba. Ya samo lambar wani ɗan Najeriya mazaunin Delhi mai suna Nura, wanda sana'arsa ke nan, ya karɓi marasa lafiya ya haɗa su da asibiti. Ni aka zaɓa na yi rakiya saboda na gama sakandare, ina jin Turanci daidai gwargwado, kuma ba wanda Malam zai yarda ya yi masa wanka in ba ni ba.

Nura ya zo tarbar mu da babbar rigar sanyi da murmushi. Ya durƙusa har ƙasa ya gaida Malam.

"Baba, sannu da hanya. Ai wahala ta ƙare. Wanda ya fi ka jin jiki na karɓa a nan wurin, yanzu yana Kano yana hawa babur."

Jin Hausa a bakin mutum a wannan wuri ya sa na ji kamar na ga ɗan'uwana na jini. Ya kai mu wani gidan haya mai hawa-hawa a cikin wani lungu, ɗaki ɗaya da banɗaki da ɗan murhun gas. Kafin ya tafi ya ce in ba shi fasfo ɗinmu, wai doka ce sai an yi wa baƙi rajista a wurin hukuma. Na miƙa masa har ina godiya.

Asibitin da ya kai mu washegari bai kai yadda na zata ba. Gini ne tsakanin wani shagon takalma da wurin sayar da wayoyi, amma cikinsa tas, ga kujeru masu laushi, ga ma'aikata suna ta sunkuyar da kai. Likitan ya ɗaga hoton da muka zo da shi ya duba ta jikin fitila, ya danna cikin Malam, sannan ya juya ga Nura suka yi ta magana da yarensu. Suka daɗe. Abin da Nura ya fassara mana bai wuce jimla biyu ba.

"Ya ce aiki za a yi a cire abin gaba ɗaya, shi ke nan. Ya ce kun zo a kan lokaci."

Malam ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Na tambayi likitan da Turancina ko kansa ce da gaske, kuma wace iri. Ya yi murmushi ya kaɗa kai irin nasu, wanda ba ka gane ko i ne ko a'a. Nura ya ce, "Hajiya, ki bar musu aikinsu. Likitocin nan ba sa son yawan tambaya."

Aka sa ranar aiki, aka ɗaga. Aka sake sa wata, aka ce sai idon ya washe tukuna. Kullum da sabon gwaji, kullum Nura na kiran Alhaji Tanimu a waya ya yi masa bayani, ni ba a yi mini. Malam kuwa sai ƙara lalacewa yake. Abin da ya fi damunsa ba zogin ba ne, ƙaiƙayi ne. Jikinsa duka yake susa, da farce, da bakin cokali, da gefen ƙofa, har fatar ƙafarsa ta yi jini. Na yanke masa farce, na riƙa shafa masa man kwakwa, duk a banza. Abincinsu kuma ya ƙi shiga. Ko ƙamshin kayan yajinsu ya ji daga maƙwabta sai ya hau yunƙurin amai. Ruwan shayi kawai yake sha da ɗan burodi. Wandon da na ɗaure masa da mazagi ya koma yana zamewa.

A kwanakin nan na san mene ne kewa. Ba kewar yara kaɗai ba, su muna magana a waya. Kewar ƙananan abubuwa ce: muryar mai kiran sallar masallacin layinmu da ke shaƙewa in ya zo ƙarshe, ƙarar injin markaɗe, maƙwabciyata Lami tana leƙowa ta katanga tana neman aron rariya. A Delhi mutane sun fi ƙasa yawa, amma in na fita sayen ruwa sai dai a bi ni da ido. Yara na nuna ni da yatsa. Keke Napep ɗinsu ne kaɗai abin da na gane, irin namu ne sak, har rigimar direbobin.

Wata rana da hantsi na hau rufin gidan don yin shanya. Ina matse zanin gado sai na ji wata murya daga bayan tankin ruwa tana cewa, "Ke Godiya, na ce ki sa hula, iskar nan ba ta da kyau." Zanin ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na zagaya, sai ga wata mata mai jiki, ta ɗaura ɗankwali ta sa rigar sanyi a kan atamfa, da wata budurwa siririya zaune a kujera tana shan rana.

Na yi sallama. Ta amsa, ta tsaya tana kallona.

"Daga ina?"

"Kaduna."

"Kaduna wace unguwa?"

"Makera."

Ta dafa ƙirji. "Ni Television nake. Kin ga ikon Allah, muna jin ƙarar jirgin ƙasa ɗaya, sai da muka haye teku muka haɗu."

Maman Godiya ke nan. Kirista ce, 'yar kudancin Kaduna, tana da shagon abinci kusa da kamfanonin Kudenda. 'Yarta Godiya ce ƙodarta ta lalace, ita uwar ta ba ta tata guda, suna zaman jiran likita ya sallame su. Sun daɗe a garin, ta san kasuwa, ta san motar da ake shiga. A ranar ta sauko ɗakinmu ta gaida Malam. Ta dube shi, ta dubi ledar burodin da ke gefensa, sai ta fita. Da azahar sai ga ta da kwano: tuwo ne ta tuƙa da garin alkamarsu mai tsaki-tsaki, da miyar ɗanyar kuɓewa, ba yaji, sai ɗan daddawar da ta zo da ita daga gida tana tattali. Malam ya ci loma kaɗan. Rabon da ya haɗiyi abu mai nauyi tun muna Kaduna.

Da na raka ta bakin matakala ta rage murya.

"'Yar'uwa, in tambaye ki. Sun ɗebi naman wurin sun gwada?"

Na ce a'a, jini kawai suke ta ɗiba.

"To me za su yanka, in ba su san abin da ke ciki ba? Ni ba likita ba ce. Amma kafin a taɓa 'yata sai da aka zaunar da ni aka yi mini bayani har na gaji. Fasfo ɗinku yana ina?"

Na gaya mata. Ta ciji leɓe.

"Rajistar nan gaskiya ce ana yi, amma ba ta cin makonni. Ya riƙe ne don kada ku je wani wuri. Duk majinyacin da Nura ya kai asibitin can yana da kasonsa a kai, in an yi aiki kason ya fi tsoka. Ba ke ce ta farko ba a gidan nan."

Na koma ɗaki. Ban gaya wa Malam ba. Kwana biyu ina juya maganar, ina cewa ko dai matar nan ba ta fahimta ba ne. Nura fa yana sallah, yana kiran mijina Baba. Amma da ya zo na ce ina son fasfo ɗinmu, sai na ga fuskarsa ta canza kafin bakinsa ya buɗe.

"Suna ofis, Hajiya. Me za ki yi da su?"

"Ina so mu ji ta bakin wani likitan."

"Wa ya ba ki wannan shawarar? Matar nan ta sama ko? Hajiya, ki yi hankali da mutanen nan, kin san halinsu a gida."

Wannan magana ita ta gama buɗe mini ido. Na ce masa halin da na sani shi ne ta ciyar da mijina. Maman Godiya tana jin muryoyinmu ta sauko, ta tsaya a bakin ƙofa ta naɗe hannu. Ta ce da shi cikin sanyin murya ta san hanyar ofishin jakadancin Najeriya, kuma gobe da safe za ta raka ni. Kafin la'asar ya aiko da fasfo ɗin a hannun mai gadin gidan. Shi bai sake tako ƙafarsa ba.

Amma ya riga ni kiran Kaduna. Ina cikin yi wa Malam alwala wayar ta yi ƙara, Alhaji Tanimu ne. Na fita baranda.

"Rabi, me nake ji? An tura ku a yi wa mutum aiki, kin je kina bin shawarar matan haya?"

"Yaya Alhaji, ba su gwada naman ba. Ba su ma gaya mana sunan ciwon ba."

"Ke likita ce? Mutumin nan shekararsa nawa yana wannan harka. In wani abu ya sami ƙanina saboda jinkirinki, ki san abin da za ki gaya wa 'ya'yansa."

Ya kashe wayar. A rayuwata ban taɓa musu da shi ba, ko ido ba na haɗawa da shi. Na tsaya a barandar ina kallon wayoyin lantarki da suka cukurkuɗe a saman lungun, birai biyu suna tafiya a kai. Na ce a raina, in na yi kuskure, na kashe mijina, kuma ba ni da wurin zama a Makera. In kuma na yi shiru aka yanka shi a banza, ba wanda zai zarge ni, sai ni kaɗai. Na share fuska na koma na ƙarasa masa alwalar.

Babban asibitin da Maman Godiya ta kai mu gari ne guda. Mutane kwance a farfajiya da barguna da tukwane, wasu daga ƙauyuka masu nisa. Muka yi layi tun safe har rana ta karkata. Likitar da muka samu mace ce, ƙarama, mai furfura a goshi, ba ta murmushi. Da ni ta yi magana kai tsaye, a hankali, in ban gane ba ta ɗauki biro ta zana. Ta zana hanta, ta zana maɗaciya, ta zana 'yar hanyar da ruwan ɗacin ke bi ya sauka hanji. Ta ce tsiron ya toshe hanyar, shi ya sa ɗacin ya koma cikin jini, shi ne idon, shi ne ƙaiƙayin. Ta ce za su fara zura ɗan bututu ta baki su buɗe hanyar, sannan su ɗebi nama da allura su gwada.

Bayan an sa bututun da 'yan kwanaki ƙaiƙayin ya lafa. Malam ya yi barci har da minshari. Idon ya fara washewa, ya ce in nemo masa lemo. Na fara cewa ko Allah ya kawo sauƙi ke nan. Shi kuwa har ya fara lissafin kekunan mutane da ya bari a rumfa ba a gyara ba.

Ranar da sakamako ya fito, likitar ta ce in shigo ni kaɗai tukuna. Ta ce kansar maɗaciya ba baƙuwa ba ce a wurinsu, a yankinsu suna ganinta da yawa. Amma ta Malam ba irin wadda suka saba gani ba ce. Wata iri ce da ba kasafai take fitowa a maɗaciya ba, an fi sanin irin ƙwayoyinta a huhu, kuma tana da saurin yaɗuwa. Ta juyo da fuskar kwamfuta ta nuna mini hantarsa, da wasu ɗigo-ɗigo a warwatse kamar an watsa gero.

Na ce, "To aikin fa?"

Ta girgiza kai, wannan karon na gane a'a ce. Ta ce wuƙa ba ta da abin da za ta cire ta ƙare. Da an buɗe shi a yadda yake, da wuya ya tashi daga gadon, in ma ya tashi ciwon na nan. Abin da ya rage shi ne maganin da ake sawa a ruwa ta jijiya. Yakan sa tsiron ya ja baya na wani lokaci, mutum ya samu sauƙi, amma yawanci yana dawowa.

"Zai warke?"

"Ba na jin zai warke," in ji ta. "Ina jin za mu iya sama masa lokaci mai ɗan daɗi. Nawa ne, ban sani ba."

Ta ƙara da cewa magungunan ba sababbi ba ne, ana samunsu a manyan asibitocin ƙasarmu. Za ta fara masa zagayen farko ta ga yadda jikinsa zai ɗauka, ta rubuta wa likitocin gida bayani. Ta tambaye ni ko ita za ta gaya masa ko ni. Na ce ni.

Sai da muka koma ɗaki ya ci abinci na gaya masa. Na yi ta neman kalma mai laushi ban samu ba, na faɗa masa yadda aka faɗa mini. Ya daɗe yana kallon bango. Na zaci zai yi salati ya ce haka Allah ya so, don haka na san shi. Sai ya ce:

"Ki kira Nura."

"Malam..."

"Wancan likitan ya ce zai cire. Wannan ta ce ba za ta iya ba. Don me za ki kai ni wurin wadda ba ta iyawa? Ke kika raba ni da mai yi mini aiki, Rabi."

Ya juya mini baya. Shekarun da muka yi tare bai taɓa kwana da fushina ba, amma a ɗakin nan ya yi kwanaki ba ya ce mini komai sai abin da ya zama dole. In na kawo ruwa ya karɓa, in na yi magana ya rufe ido. Daga Kaduna kuma waya ba ta tsaya ba, ƙannensa mata, abokansa, kowa da abin da ya ji. Har aka ce wai na gaji da jinya ne ina so in dawo gida. Nakan hau rufi in zauna bayan tankin ruwa in yi kukana. Maman Godiya ba ta taɓa ce mini in yi haƙuri ba. Takan zo ta zauna kusa da ni tana gyaran wake, in na gama ta miƙo mini tire in taya ta.

Duk da fushin, ya yarda aka fara sa masa maganin. Ɗakin da ake sawa dogo ne, gadaje jere. A gadon da ke kusa da namu akwai wani tsoho manomi, shi ma maɗaciya ce, irin tasu da aka saba gani. An taɓa yi masa aiki a wani wuri, ciwon ya dawo. Ba ya jin Turanci, Malam ba ya jin yarensu, amma suka saba. Tsohon ya ɗaga riga ya nuna masa tabon aikin, dogo, daga ƙirji har gefen ciki, sannan ya nuna ledar ruwan da ke rataye a kansa, ya buɗe tafin hannu, kamar mai cewa ga shi dai inda na ƙare. Matarsa kuma, wata 'yar tsohuwa mai awarwaro har gwiwar hannu, ta ga yadda sanyi da wanki suka farfasa mini hannu. Ta ciro wata 'yar kwalba daga ƙullin zaninta, man kaɗanya ne ko na me ban sani ba, mai wari kamar na ƙuli, ta kama hannuna ta shafa mini yatsa bayan yatsa tana ta magana da yarenta. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Tun da na bar gida ba wanda ya taɓa jikina da tausayi sai ita.

Maganin ya wahalar da Malam, amai da kasala, gashin gemunsa ya fara zuba a kan matashi. Da muka koma zagaye na biyu gadon tsohon wani ne a kai. Na tambayi nas, ta ce 'ya'yansa sun zo sun tafi da shi ƙauye, ya ce yana so ya ga gonarsa.

A hanyar komawa, cikin Keke Napep, Malam ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Tabon nan nasa, kin gani?"

"Na gani."

"An yanka shi, bai hana ba."

Muka wuce wata kasuwa, muka wuce wata gada. Sai ya ce, "Ki tambayi likitar ko jirgi zai ɗauke ni a yadda nake. In zai ɗauka, kada mu jira ranar da ba zai ɗauka ba."

Da muka isa ɗaki ya ce in kira masa yayansa, in sa a lasifika. Muryarsa ba ƙarfi amma ba ta rawa.

"Yaya, za mu dawo. Ni na ce, ba Rabi ba. Abin da ka yi mini Allah ya biya ka. Amma in mutuwa ce, na fi so ta same ni inda za ku yi mini sallah."

Muna jin numfashin Alhaji Tanimu, daga baya wayar ta katse. Malam ya miƙo mini ita, ya riƙe hannuna tare da wayar na ɗan lokaci. Bai ce in yafe masa ba, ni ma ban nema ba.

Ranar da za mu taso, Maman Godiya ta raka mu har bakin titi, su da sauran zama. Ta yi wa Malam addu'a irin tasu, ya ce amin. Ta cusa mini ragowar daddawarta a jaka, na ce gida fa za ni, inda daddawa take. Ta ce in dai karɓa, ba ta da wani abin ba ni.

Da motar da ta ɗauko mu ta iso bakin layinmu a Makera, Malam ya ce a tsaya. Ya ce ba za a shiga da shi gida a ɗauke ba. Ya sauka, ya dafa kafaɗar babban ɗanmu, ya taka da ƙafarsa, yana tsayawa yana gaisawa da mai shayi, da masu faci, da tsofaffin da ke zaune a ƙofar masallaci. Tafiyar da ba ta kai komai ba ta ɗauke mu lokaci mai tsawo. Mutane suna ta cewa jiki ya yi kyau, shi kuma yana cewa alhamdu lillahi.

Aka ci gaba da sa masa maganin a Zariya. Ya samu sauƙin da likitar ta faɗa. Ya yi azumi a cikin iyalinsa ko da bai iya ɗauka ba, ya ga haihuwar jikarsa ta fari, shi ya yi mata huɗuba. Har rumfa yakan je ya zauna a benci yana nuna wa ɗanmu yadda ake saita allura. Da damina ta yi nisa idon ya sake yin ɗorawa. Wannan karon bai daɗe ba. Ya rasu a ɗakinsa, da rana, bayan sallar azahar, yayansa na riƙe da kansa.

Har na gama takaba Alhaji Tanimu bai ce mini komai a kan Delhi ba. Yana aiko da hatsi, yana biyan makarantar ƙaramarmu, amma in na gaishe shi sai ya amsa a taƙaice. Na san akwai masu cewa har yanzu da an yi aikin da yana raye. Ni kaina akwai ranakun da nake tambayar kaina haka, duk da abin da na gani da idona a fuskar kwamfutar nan. Ba na jin tambayar za ta bar ni.

Bayan sallar layya da ta wuce, wata safiya ina shara, aka ce Alhaji yana zaure. Na sa hijabi na fita na durƙusa. Ya daɗe yana jan carbi kafin ya yi magana, kuma ƙasa yake kallo.

"Maiɗakina Hajiya ce ba lafiya. Wani kumburi ne a nononta, ta ɓoye mana tun bara. Gobe za a kai ta asibiti." Ya ja carbin. "Yaran nan in likita ya yi magana sai su ce to. Ina so ki bi ta, Rabi. Ke kina tambaya."

Na ce, "Ƙarfe nawa za a tafi, Yaya Alhaji?"